Kaɗaici a Cikin Taro



Mas'alar da za mu yi bahasi a kanta yau, idan aka ambaci sunanta a majalisa, ba a rasa dattijon da zai yi murmushi ya ce ai wannan ciwon Turawa ne, su da mutum kan mutu a ɗakinsa har a yi mako maƙwabci bai sani ba. Amma mu nan, da gida ɗaya kan tara mutum talatin, da ba a rufe ƙofar zaure sai bayan isha'i, ina kaɗaici zai sami wurin kwana? Maganar tana da daɗin ji, kuma ba na ganin laifin mai yin ta, domin kowa yana son a yabi gidansu. Sai dai alƙaluman masu bincike ba su goyi bayanta ba. A ƙarshen watan Yuni na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton wani kwamiti da ta naɗa tun 2023, ƙarƙashin shugabancin Dokta Vivek Murthy na Amurka da Chido Mpemba 'yar ƙasar Zimbabuwe, inda aka bayyana cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma ana danganta mutuwar mutum kimanin 871,000 a kowace shekara da shi. Abin da ya fi cancanta mu tsaya a kansa kuwa shi ne, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 24 cikin ɗari ne suka ce suna jin sa, alhali a ƙasashe masu arziki kashi 11 ne kacal. Wato ciwon da muka jingina wa Turawa ya fi yawa a wajenmu ninki biyu har da ɗoriya.

Kafin a yi hukunci a kan abu wajibi ne a san haƙiƙarsa. Malamai biyu masana halayyar ɗan Adam, Letitia Peplau da Daniel Perlman, sun yi wa kaɗaici ta'arifi a farkon shekarun 1980 wanda galibin masu bincike suka bi har yau, cewa shi ne ƙuncin da mutum yake ji sa'ad da mu'amalar da yake da ita da mutane ta gaza wadda zuciyarsa take bukata, ko ta fuskar yawa ko ta fuskar inganci. Da wannan ta'arifi za a gane cewa masuncin da ya hau gorarsa da asuba shi kaɗai a tsakiyar tafki, da makiyayin da ya yini a fadama daga shi sai shanunsa, da malamin da ya shiga halwa don neman kusanci ga Ubangijinsa, ba lalle ne ɗayansu ya shiga wannan lissafi ba, domin kowannensu ya san inda zai koma da wanda yake jiransa. Imam Gazali ma, a cikin Ihya'u Ulumiddin, babi guda ya keɓe wa ladubban nisantar jama'a, ya jera fa'idodinsa ya kuma jera illolinsa, ya bar wa kowane mutum ya auna da halinsa. Wannan keɓewa ce ta zaɓi. Wadda muke magana a kanta ita ce wadda ba a zaɓa ba, kuma tana iya samun mutum a tsakiyar taron suna.

A 1973 wani malami mai suna Robert Weiss ya kasa ta gida biyu, kuma wannan rabe-rabe zai yi mana amfani a duk tsawon hirar nan. Akwai kaɗaicin rashin jama'a, na wanda ba shi da majalisa, ba shi da abokan sana'a, ba shi da sahun da za a lura idan bai zo ba. Akwai kuma kaɗaicin rashin amini, na wanda yake da jama'a cike da gida amma babu mutum ɗaya tak da zai buɗe wa cikinsa ba tare da tsoron gori ko yaɗa zance ba. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Masu bincike kan auna shi da tambayoyi uku masu sauƙi: sau nawa kake jin ba ka da abokin hira, sau nawa kake jin an ware ka, sau nawa kake jin kana nesa da mutane. Mai sauraro yana iya yi wa kansa su a zuci, ba sai ya faɗa wa kowa amsar ba.

To, me ya sa likitoci suka shigo cikin al'amarin da a zahiri na zuciya ne? A 2010 Julianne Holt-Lunstad ta Jami'ar Brigham Young ta tattara bincike 148, waɗanda suka bi sawun mutum fiye da 300,000 na tsawon shekaru, ta ɗora su a ma'auni ɗaya, sai ta tarar cewa masu ƙaƙƙarfar alaƙa da mutane sun fi masu raunin alaƙa damar tsawon rai da kashi 50 cikin ɗari, bambancin da ta ce ya yi kusa da wanda ke tsakanin mai shan taba da wanda ya daina. Ajali dai na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya, amma Shi ne kuma Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma kamar yadda ba mu ƙin gidan sauro da hujjar ƙaddara, haka bai kamata mu yi watsi da wannan ba. An kuma sami alaƙa tsakanin daɗewa cikin kaɗaici da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Wanda ya fi kowa bin diddigin yadda abin yake aiki a jiki shi ne John Cacioppo na Jami'ar Chicago, wanda ya rasu a 2018. A ra'ayinsa kaɗaici ɗan'uwan yunwa da ƙishirwa ne: ƙararrawa ce da aka halicci ɗan Adam da ita don ta kore shi zuwa ga jama'a, kuma idan ta yi ɗan lokaci ta wuce, alheri ce. Illar tana zuwa ne idan ta daɗe, domin a nan jiki kan shiga halin zaman ɗar-ɗar, barci ya riƙa yankewa, mutum ya fara karanta mugun nufi a fuskar da babu shi. A gaishe shi a gurguje ya ce an raina shi, a manta a kira shi ɗaurin aure ya ce da gangan ne, sai ya janye, janyewar ta sa mutane su ƙyale shi, ƙyalewar kuma ta tabbatar masa da zatonsa. Da yawa daga cikin waɗanda muke kira masu baƙin rai ko masu girman kai a unguwa, a ganina, wannan tarko ne ya kama su. Malaman Musulunci ba su jahilci wannan ba, domin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, ya shawarci mai fama da wasuwasi da ya guji zama shi kaɗai da zaman banza, ya nemi amintaccen aboki da zai riƙa warware masa munanan tunaninsa.

Yanzu mu bi rayuwa daki-daki. Game da ƙuruciya hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga gidajen marayu na ƙasar Romaniya, inda daga shekarar 2000 aka bi sawun yara 136 a birnin Bukares, aka ga cewa waɗanda aka mayar hannun iyayen riƙo, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari a gidan marayu ci gaban hankali da harshe da natsuwa. Yaro yana bukatar babba ɗaya da ya san nasa ne. Wannan ne ya sa nake roƙon iyaye su yi tunani a kan shekarun da ake tura yaro almajiranci. Ɗan shekara shida a tsangaya ba ya rasa jama'a, yana da abokan karatu da na bara da na kwana. Abin da ya rasa shi ne wadda za ta taɓa goshinsa da dare ta gane zazzaɓi ne. Neman ilimin Alƙur'ani abu ne mai girma, amma babu abin da zai rage masa daraja idan aka bari yaro ya yi ƙwari, ko aka zaɓi malami na kusa, inda uwa za ta iya ganin ɗanta ranar Alhamis.

Da za a tambayi jama'a wane rukuni ne kaɗaici ya fi damu, tara cikin goma za su ce tsofaffi. A 2018 gidan rediyon BBC, tare da malaman jami'o'in Ingila irin su Pamela Qualter ta Manchester, ya tambayi mutum kimanin 55,000, sai aka sami kashi 40 cikin ɗari na 'yan shekara 16 zuwa 24 suna cewa suna yawan jin sa, alhali a cikin waɗanda suka haura 75 kashi 27 ne. Waɗanda suka amsa ɗin su suka kawo kansu, don haka ba a ɗauki adadin a matsayin na kowa da kowa ba. Amma rahoton Hukumar Lafiya da muka ambata ya zo da abin da ya ƙarfafa shi, cewa matasa ne a kan gaba. Dalilin a fili yake ga mai lura: samartaka lokacin ƙaura ce, daga gida zuwa makaranta, daga ƙauye zuwa birni, daga hannun iyaye zuwa neman na kai. Saurayin da ya bar Guri bayan girbi ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, yana kwana a rumfa da mutum goma, yana tura kuɗi gida, idan an kira shi a waya ya ce lafiya lau, shi kaɗai ya san abin da yake haɗiyewa. Takwaransa da ya gama makaranta ya dawo gida babu aiki, wanda ya fara ƙauracewa majalisa saboda kunyar a sake saya masa shayi, nasa ya fi tsanani, don kuwa yana tsakiyar danginsa.

Akwai wata baiwar Allah da ba a cika sa ta a wannan lissafi ba, kuma a kanta nake so in daɗe, ita ce amarya. Ku dube ta a mako na biyu. An gama kamu, an gama kai amarya, an yi buɗar kai. Ƙawayen da suka kwana da ita sun koma garinsu a motar kasuwa, gwaggon da ta rako ta ta yi mata nasiha ta ƙarshe a kan haƙuri ta tafi. Ɗaki yana ƙamshin turaren wuta da sabon fenti, kwanuka jere a kabad ba a taɓa ko ɗaya ba, ga labule ya sauka. Miji ya fita gona ko kasuwa tun da hantsi, ba zai dawo ba sai magariba. A tsakar gida akwai mata huɗu ko biyar suna daka suna raha, amma ba ta san wadda za ta amince wa ba, kunyar uwar miji ta hana ta ɗaga murya, kuma an riga an gargaɗe ta tun a gida cewa kada ta saki baki da facaloli. Yarinyar da wata guda da ya wuce ba ta taɓa cin tuwo ita kaɗai ba, yau ta sa kwano a gaba tana juya loma. Idan ta rame a ce amarci ne, idan ta yi kuka a ce ƙuruciya ce, idan ta fara faɗuwa tana sambatu a ce iska ce a nemo mai ruƙiyya. Ba na musun cewa akwai abin da ke bukatar addu'a. Abin da nake cewa shi ne a fara tambaya tukuna, yaushe rabon da ta ga wani nata.

Magabatanmu ba su bar wannan giɓi a buɗe ba. Wanda ya karanta tarihin Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, zai ga yadda ƙawance yake a wancan zamani: alƙawari ne da ake ƙullawa a san da shi, da musayar kyauta da haƙƙoƙi sanannu a ranar suna da ranar biki, har mace ta san cewa duk garin da aure ya kai ta tana da hanyar yin 'yar'uwa. Haka al'adar ba amarya ƙanwa ta taya ta zama, da zuwa ganin gida, da komawa wankan jego wajen uwa a haihuwar fari. Waɗannan duka magunguna ne da aka haɗa tun kafin a san sunan cutar, kuma maigidan da ya soke su da sunan tsare iyali, ba tare da ya kawo madadinsu ba, ya san cewa ya ɗauki nauyin abin da zai biyo baya.

A kan tsakiyar rayuwa malamai sun yi saɓani. David Blanchflower, bayan ya duba alƙaluman ƙasashe 145, ya ce jin daɗin rayuwa yana farawa a sama, ya gangaro har wajen shekara 47 ko 48, sa'an nan ya sake hawa. Amma Andrew Steptoe da Angus Deaton da Arthur Stone, a mujallar Lancet ta 2015, sun ce wannan hawa na bayan hamsin a ƙasashen Turawa masu arziki aka fi ganinsa, a Afirka kudu da Sahara kuwa ba su ga wani babban sauyi tsakanin yaro da babba ba. Ni dai na fi karkata ga na biyun, domin wanda yake da fansho da asibiti ne tsufa kan zame wa hutu. Ko ma wanne ne rajihi, magidanci ɗan arba'in da biyar a ƙasarmu shi ne wanda kowa yake tambaya, kuɗin makaranta da na taki da na maganin tsohuwa, babu kuma mai tambayarsa yaya ya kwana da nufin jin amsa, ga shi an koya masa tun yana yaro cewa namiji ba ya kuka. Binciken Jami'ar Harvard, wanda aka fara a 1938 aka bi rayuwar maza 724 har tsufansu, ya nuna cewa gamsuwar mutum da zamansa da iyalinsa da abokansa yana ɗan hamsin ta fi awon kitsen jininsa nuna irin lafiyar da zai kasance da ita yana ɗan tamanin. Dukkansu Amurkawa ne, kuma babu mace a cikinsu a farkon al'amari, amma darasin bai yi kama da wanda zai tsaya a bakin teku ba.

Sai tsufa. Maike Luhmann da Louise Hawkley, a 2016, sun duba Jamusawa fiye da 16,000 suka ga kaɗaici yana tashi sosai bayan shekara tamanin, amma da suka bincika sababi sai suka tarar cewa yawancinsa daga abubuwa uku ne da ke rakiyar tsufa: mutuwar abokin zama, da raunin jiki, da ƙarancin abin hannu. A nan gida Nijeriya, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan sun bincika tsofaffi fiye da 2,000 'yan shekara 65 zuwa sama a jihohin Yarabawa, suka buga a Lancet a 2007 cewa fiye da ɗaya cikin huɗu ya taɓa kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsa, kuma abin ya fi yawa ga mata da mazauna birane. Yarabawa kuwa ba su gaza mu girmama tsoho ba.

Girmamawa ita kanta tana iya zama katanga. Tsohon da aka ce ya huta, aka karɓe masa gona da ragamar gida, ake durƙusa masa safe da yamma a ajiye masa kwano a fita, ba a yi masa rashin ladabi ba, amma an daina shawara da shi, an daina musu da shi, an daina bukatarsa. Idan kuma kunnensa ya yi nauyi, sai ka gan shi a majalisa yana murmushi sa'ad da ake dariya ba tare da ya ji abin da aka faɗa ba, ya tambaya sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya ji kunya ya yi shiru, bayan wata biyu ya daina fitowa, a ce tsufa ne. Kwamitin Lancet a kan gigin tsufa ya lissafa raunin ji da keɓewa daga jama'a, a 2020, cikin abubuwa goma sha biyu da ke ƙara haɗarin wannan ciwo waɗanda kuma ake iya magancewa. Wani lokaci ma dattin kunne ne kawai ya toshe, abin da ma'aikacin asibiti zai wanke cikin ɗan lokaci. Haka mai takaba. A kwana uku na farko gida ba ya ɗaukar mutane, a bakwai an ragu, bayan arba'in an naɗe tabarmi kowa ya koma harkarsa, alhali shari'a ta ɗora mata wata huɗu da kwana goma, wato saura wata uku cur tana zaune a ɗakin da komai na cikinsa yake tuna mata da mamaci. Mun iya ta'aziyya ƙwarai. A ziyarar wata na uku ne muke da rauni.

Abin da nake so a fahimta daga duk wannan shi ne, abin da ya tsare kakanninmu daga kaɗaici tsari ne na aiki da zama wanda ya tilasta wa mutane bukatar juna, kuma a wannan kwari namu na Haɗejiya tsarin a kan ruwa aka gina shi. Kogin Haɗejiya yakan cika da damina ya malala a fadama, a shuka shinkafa. Ya janye a bi danshi da wake da sauran amfanin rani. A sauka su da homa da gora gari guda a rana ɗaya. Fulani su gangaro da shanu su ci ragowar kara su bar taki. Gandu yana haɗa uba da 'ya'yansa a gona ɗaya, gayya tana haɗa unguwa, tsoho kuma shi ne ya san inda ruwa kan tsaya a shekarar cikowa, don haka dole a tambaye shi. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, malalar da kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 ta koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Ruwan da ake saki rani da damina ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsun jan-baki. Wani gari ya rasa ruwa, wani kuma ruwan ya ƙi barin gonarsa. Ba na cewa madatsun ba su kawo alfanu ba, wanda ya ga noman rani a Kadawa ko a Auyo ba zai faɗi haka ba. Amma sa'ad da ake lissafin buhunan da aka samu da waɗanda aka rasa, akwai hasarar da ba ta shiga littafi: samarin da suka tafi domin gona ta zama kacala, da matan da aka bari da yara, da tsohon da iliminsa na ruwa ya daina aiki saboda yanzu cikar kogi tana bin buɗe ƙofar madatsa ne.

Duk wanda ya ga shekarun ambaliya na kusa, irin 2020 da 2022, ya ga ɗaya fuskar al'amarin. Sa'ad da ruwa ya tunkaro gari, aka fita cika buhuna da ƙasa ana ɗaga jinga dare da rana, attajiri da ɗan dako a layi ɗaya, mata suna aiko da abinci, da wuya a sami wanda ya ji an ware shi, domin kowane hannu ana nemansa. Kaɗaicin yana zuwa ne daga baya, bayan ruwa ya janye, masu agaji sun tafi, mutanen ƙauye ɗaya sun warwatsu, wasu a ajin makaranta, wasu a gidan dangi a wani gari, kowa yana fuskantar rusasshen ɗakinsa da bashin takinsa shi kaɗai. Saboda haka idan za a sake tsugunar da waɗanda ruwa ya tasa, maslaha ita ce a ajiye maƙwabta kusa da maƙwabtansu, da limaminsu da mai unguwarsu, kada a rarraba su kamar yadda fili ya samu.

Game da magani, Christopher Masi da abokansa sun tattara gwaje-gwaje 50 a 2011, suka ga cewa tara masu kaɗaici a ɗaki ɗaya don su yi hira bai cika yin tasiri ba. Abin da ya fi aiki shi ne taimaka wa mutum ya gyara mugun zaton da kaɗaicin ya dasa masa game da mutane, wanda kusan shi ne abin da al-Balkhi ya faɗa shekara dubu da suka wuce. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan ka ziyarci irin wannan mutum ya karɓe ka a daƙile, kada ka yi fushi ka ce ba ka ƙara zuwa, domin daƙilewar tana cikin ciwon. Zumunta a ƙafa take, sai an yi ta komawa. A Zimbabuwe kuma, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda, ganin ƙarancin likitoci irinsa, ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Da aka gwada tsarin a kan mutum 573, aka buga sakamakon a 2016, bayan wata shida kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna da kakannin suke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin rabi ne. Abin da ya fi burge ni a wannan dabara shi ne ta yi maganin mutum biyu a zama ɗaya, domin tsohuwar da aka ba wannan aiki ta koma cikin waɗanda ake bukata.

Ba mu rasa irin waɗannan tsofaffi ba a Haɗejiya, ba mu rasa inuwa a harabar asibitocinmu da makarantun Islamiyya ba, kuma ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya a Dutse, waɗanda ɗalibansu za su iya ɗaukar tambayoyin nan uku su shiga da su ƙauyukan fadama, su yi wa amare da masu takaba da matan 'yan ci-rani da harshen da suke ji, mace ta tambayi mace, a kuma yi tambayar a inda uwar miji ba ta jin amsa.